Kwana Taran da Larai Ta Yi Shiru

Duk wanda ya tashi a Gidan Nababa, wata 'yar unguwar Kirista da ke yamma da Shanono, ya san Larai mai daddawa, ya kuma san abin da take yi kowace kaka wanda baƙo kan gani ya riƙe baki. Ɗanta Badaru shi ne babban manomin yankin, rumbunansa bakwai, shanun huɗarsa huɗu. Amma da zarar an gama cire masa gyaɗa, sai ka ga uwarsa ta fito da wata guntuwar fartanya da ƙwarya, ta shiga cikin matan da ba su da kowa, ta duƙa tana tonon abin da ya rage a ƙasa. Baƙi suna cewa ɗan ne marowaci. Waɗansu su ce tsufa ne ya taɓa ta. Duk ba su faɗi daidai ba, kuma da ɗayansu ya yi ƙarfin halin tambayarta, da ya sha wankin babban bargo, don Larai ba ta iya tauna magana ba.

Aure ne ya kawo ta unguwar tana yarinya, daga wani gidan Maguzawa da ke can cikin daji. Shekarar da aka kafa 'yar majami'ar kara, ita da mijinta suna cikin waɗanda aka fara yi wa baftisma. Ba a jima ba sanƙarau ya ɗauke mijin cikin kwana uku, ya bar ta da Badaru a goye. 'Yan'uwan mamaci sun sha kuka ranar jana'iza, har da masu birgima. Bayan mako biyu suka raba gandu a tsakaninsu, suka bar mata gayaunar da in ka ɗaure akuya a tsakiya sai bakinta ya kai iyaka huɗu.

A wannan kakar ta fara fita kala.

Ga yadda abin yake a ƙasar nan tun kaka da kakanni. Mai gona yakan datse mashigin gonarsa da ƙaya tun gyaɗa tana fure, saboda dabbobi. In ya cire gyaɗarsa, ya tsinke, ya kwashe harawa, sai ya janye ƙayar. Janyewar nan ita ce sanarwa. Daga ranar, duk abin da ya rage a cikin ƙasa ya fita daga hannunsa, ya zama na wadda ta duƙa ta tona. Ba a neman izini, ba a yin godiya. Ba a tambayar mace ko salla take yi ko coci take zuwa. Mai gona mai mutunci kuwa ba ya tsayawa kallon masu kala, in hanya ta biyo da shi sai ya kau da kai ya wuce.

Ranar farko Larai ba ta san kan abin ba, sara kawai take yi a tsakiyar gona tana haki, yaro yana tsala ihu a bayanta. Wata mata doguwa daga ƙauyen Musulmi na tsallaken rafi ta tsaya tana kallonta.

"Ke mai goyo, rijiya za ki haƙa mana?" in ji matar. "Zo nan. Ƙarshen kunyoyi ake bi, inda 'yan ƙwadago suka gaji suna fizga da ganganci. Kuma share hawayen nan, ba bara kika zo ba. Rabonmu ne Allah ya ɓoye wa mai gona a ƙasa don kada ya yi mana gori."

Ita ce Furera. Ta girmi Larai da kamar shekara shida, ita ma mijinta ya rasu, ya bar mata 'ya ɗaya, Sauda, wadda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun tana rarrafe. Shekara goma sha ɗaya matan nan biyu suna bin gonakin mutane tare, suna tono, suna faɗa, suna shiryawa. Da kunun gyaɗar kala aka yaye Badaru. Da man da aka matse daga cikinta aka saya masa rigar farko. Duk unguwar an san haka, shi ma ya sani, sai dai ƙoshi yana da saurin goge wa mutum abin da ya sani.

Yaron ya tashi da zuciyar nema, wannan ba wanda zai hana masa. Ya yi ƙwadago, ya sayi maraƙi, ya sayi gona, ya ƙara wata. Ya ajiye uwarsa ya ce ta huta, ita kuma ta koma dafa kalwa a gindin ɗorawar da ke bakin babbar gonarsa don hannunta ba ya iya zama. Shi ya rufe majami'a da kwano, aka naɗa shi dattijon coci yana da shekara talatin da 'yan kai. Larai tana jin daɗi, amma ba za ka gani a fuskarta ba. Ɗan fari ne, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta yabonsa, ba ta tsawata masa a gaban mutane. "Wannan yaron" take cewa, da ya girma ta koma "mai gona".

Sai ga shekarar saba'in da uku. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke gero yana bununi. Mutane suka yanke kara ba zangarniya. Gonar Badaru ta gyaɗa tana cikin kwari, ita ce ta ɗan yi abin kirki. Amma ƙasar ta bushe ta ƙanƙame, da aka zo cira sai ganyen ya biyo hannu, 'ya'yan su tsinke su zauna a ƙasa. Kusan rabin amfanin gonar ya maƙale a ciki. A al'ada, wannan rabin na masu kala ne. Kamar dai Ubangiji ya duba shekarar ya ƙara wa marasa ƙarfi mudu.

Badaru ma ya duba, ya ga abin da ya gani. Ya kwashe harawa, ya bar ƙaya a inda take, har ya sa aka ƙaro ta magarya. Ya ɗauko 'yan ƙwadago su bi gonar kunya-kunya suna tone ta karo na biyu. Don kada a ce ya yi rashin tausayi, sai ya aika da sanarwa cewa duk mai bukata ta zo ƙofar gidansa ranar Asabar, za a auna mata gwangwani biyu. Mutane suka yi ta sa albarka. Abin haushin ke nan. Mutum ya ƙwace maka gona sukutum ya miƙo maka gwangwani, kuma a ce kai ne za ka durƙusa ka gode.

Ranar Asabar ɗin da hantsi Larai tana gindin ɗorawa tana wanke kalwa, sai ga Furera tafe da fartanyarta da ƙwarya. Ta tsufa, ta rame, amma tafiyar tana nan a miƙe. Ta iso mashigi ta tarar da ƙaya. Ta tsaya. Ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon ya ɗago ya ce, "Iya, bana ba kala. Mai gona ya ce ku je ƙofar gida a auna muku."

Furera ta juyo ta dubi gindin ɗorawa. Tsakaninsu bai fi taku ashirin ba. Larai tana da bakin da ya taɓa korar mai karɓar haraji daga ƙofar ɗakinta, kuma kalma ɗaya daga bakin nan ta isa a janye ƙayar. Sai ta sunkuyar da kai cikin kwatanniya, ta ci gaba da murzar kalwar da ta riga ta wanku.

"Sannu da aiki, uwar mai gona," in ji Furera, ta juya ta kama hanyar rafi.

Larai ta ba kanta dalilai, kuma duk masu kyau ne. Uwa ba ta kunyata ɗan fari a gaban 'yan ƙwadagonsa. Bakuna ashirin da uku ne ke ci a gidansa. Ai bai hana ba, canza hanya ya yi. Washegari Lahadi ta zauna a layin mata ta ji mai wa'azi yana yaba wa tsarin dattijo Badaru, ta buɗe baki ta yi waƙa tare da kowa. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Tana zaune tana kallon 'yan ƙwadago suna cika buhu da rabon gwauraye. Ta fara faɗa da jikoki da kaji da duk wanda ya gifta, ban da mutum ɗaya da ya kamata ta yi faɗan da shi.

Asabar ta zagayo. Mata suka yi layi a ƙofar gidan Badaru, kowace ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Larai ta leƙa ta katanga, ta ƙirga waɗanda ta sani. Babu Furera, babu waɗansu tsofaffi huɗu da suka fi kowa bukata. Ta dai san ba za su zo ba. Ta cika ƙwarya da gyaɗa, ta rufe da faifai, ta tsallaka rafin da babu ko ɗigon ruwa a cikinsa.

Ta tarar da Furera a tsakar gida tana sheƙar wani abu da ya fi kama da yashi. Gidan tururuwa ta je ta tona, tana tsince 'yan ƙwayoyin hatsin da suka tara. Sauda tana zaune a tabarma tana gyara busasshiyar tafasa. Abin da ya tsaya wa Larai a rai shi ne ƙafafun Furera, sun kumbura har fatar tana ƙyalli. Duk wanda ya ga yunwa ya san wannan kumburin.

"Yaya, ga ɗan abin kunu," in ji Larai, ta ajiye ƙwaryar.

Furera ba ta ɗaga faifan ba. "Na gonar ƙaya ne?"

"Yaya, don Allah ki bar wannan magana. Dubi ƙafarki."

"Na gan ta, a jikina take. Larai, shekara talatin da wani abu ina kiranki Larai. In na karɓi wannan yau, gobe sai na ce miki ranki ya daɗe. Ɗauki kayanki." Ta ci gaba da sheƙa, can ta ƙara da cewa, "Yaron ban riƙe shi a zuci ba, yaro ne, ya manta. Ke ce kika ba ni mamaki a gindin ɗorawa."

Larai ta ɗauki ƙwaryar ta fito. A hanya ta yi kuka, daga baya kukan ya koma fushi, irin wanda ke sa kunnuwa zafi. Ta yi fushi da ɗanta, ta yi fushi da masu sa masa albarka. Laifi tudu ne, amma wannan karon ta kasa taka nata ta hango na wani, don nata ya fi tsawo.

Washegari ita ce Lahadin godiyar kaka. Abin da aka kawo gaban majami'a a shekarar abin tausayi ne: wani ɗan damin dawa, wata kabewa guda, wata ƙwai uku a ƙoƙo. Sai majiya ƙarfi biyu suka shigo da buhun gyaɗa cike har baki, baikon godiya da dattijo Badaru ya kawo wa majami'a. Aka yi guɗa. Mai wa'azi ya ɗaga hannu zai yi addu'a a kai.

"Badaru."

Majami'ar ta yi tsit. Ba ƙarfin muryar ne ya sa ba. Duk wanda ke wurin ya san bakin Larai bai taɓa furta sunan nan ba. Shi kansa mai sunan sai da ya waiga ya tabbatar.

Larai tana tsaye a layin mata. "Wannan buhun, na tonon farko ne ko na biyu?"

"Inna, ki bari mu je gida mu yi magana."

"A gida na yi shiru kwana tara. Na farko ne ko na biyu?"

Ya sunkuyar da kai. "Na biyu ne."

"To, ba naka ba ne. Wa za ka ba kayan da ba naka ba? Shi Ubangijin da ka kawo wa, ai ya riga ya aiko a karɓa masa. Ranar Asabar waccan ya aiko, da fartanya da ƙwarya, ka tare shi da ƙayar magarya. Yanzu ka ɗauko ka biyo shi ɗaki da guɗa?"

Badaru ba mugu ba ne, kuma yana da abin faɗa. Ya ce, "Inna, ki duba shekarar. Kala al'adar lokacin ƙoshi ce. Bana in na bar rabin gona a ƙasa, me gidana zai ci da bazara? Kuma ban hana kowa ba, na ce su zo a auna musu."

"Lokacin ƙoshi wa ya damu da kalanka? Don irin bana aka ajiye shi." Ba ta sassauta ba. "Ka ce su zo ƙofarka. Ni da na goye ka, ƙofar wa na taɓa zuwa? Da ƙofa aka ce in je, da mun mutu a ɗaki ni da kai, don ba zan je ba. Matar da ta nuna mini inda zan tono abin da na yaye ka da shi, jiya na bar ta tana rabon abinci da tururuwa." Ta juya ga sauran jama'a. "Ku kuma da kuke guɗa, kowace Lahadi ana karanta mana a nan cewa Ubangiji yana tsaye a bayan gwauruwa da maraya. Mun ɗauka daga sama zai sauko ya janye ƙaya? Hannuwan nan namu ya bari a wurin. Ni ce ta fari da na naɗe nawa."

Ta fita. Ba ta nufi gida ba, gona ta nufa, mutane suka biyo ta a baya kamar ana rakiyar gawa. Ta kama ƙayar da hannu tana ja. Wani dattijo ya ce, "Larai, yau fa Lahadi ce, ba a aikin gona." Ta ce masa, "Tsallaka ka gaya wa cikin Sauda yau Lahadi ce." Jini yana bin yatsunta lokacin da Badaru ya karɓi sandar wani, ya ture sauran ƙayar gefe, bai dubi kowa ba.

Sai dai ihu ne bayan hari, gonar an riga an tone ta tas. Larai ta ce a mayar da abin da aka ɗauka inda aka ɗauke shi. Aka tsaya ana kallon-kallo. Luba, matar Badaru, ita ta fara komawa majami'a ta ciko ƙwarya daga buhun baikon, sauran mata suka bi. Suka watsa gyaɗar a ƙarshen kunyoyi, suna tura ƙasa a kai da ƙafa. Larai ba ta bar wurin ba sai da aka fito da buhu uku daga cikin na tonon biyu aka yi musu haka. Sauran buhunan Badaru ya riƙe, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Kafin la'asar labari ya tsallaka rafi cewa an janye ƙaya a gonar Badaru.

Litinin da sassafe mata suka cika gonar. Furera ba ta iso ba sai da rana ta ɗaga, tana tafe tana hutawa. Ba ta gai da kowa ba, ta wuce ƙarshen kunya ta duƙa. Sara ɗaya gyaɗa ta fito, tsaf da ita, ba ƙasa a jikin ɓawon, ba ragowar jijiya. Ta juya ta a tafin hannu. Wadda ta shekara arba'in tana kala ba a yi mata wannan wayon. Larai, da ke duƙe kusa da ita da hannu naɗe da tsumma, ta zuba mata ido.

"Ikon Allah," in ji Furera. "Bana ƙasar ɗanki har sheƙe gyaɗa take yi kafin ta ɓoye."

Ta jefa a ƙwarya, ta kai sara na biyu.

Amma hannun ba shi ne na da ba. Yinin ranar ko rabin ƙwarya ba ta cika ba, Larai ce ta riƙa tura mata nata a fakaice, ita kuma tana yi kamar ba ta gani. Ta ga ƙarshen kaka, ta ga sanyi. Da bazara ta yi tsanani, kumburin ya hau har ciki, aka binne ta saura mako uku ruwan farko ya sauka.

Yunwar shekarar ta kashe mutane da yawa, ba mai iya rantsuwa cewa kwana tara ne suka kashe Furera. Mai wa'azi ya faɗa wa Larai haka, ya ƙara da cewa Ubangiji mai gafara ne. Ta ce, "Na sani ya gafarta. Ni ce ban ce a manta ba." Ta je gaisuwa, Sauda ta miƙo mata guntuwar fartanyar uwarta, ta karɓa.

Tun daga nan ba a sake tonon biyu a Gidan Nababa ba, ko a shekarun da suka fi wannan muni. Larai kuwa ta koma alkunyarta, ba ta ƙara kama sunan ɗanta ba har ta bar duniya. Kowace kaka takan shiga gonarsa da fartanyar nan, ta tona, ta ɗora a kai, ta tsallaka rafi ta juye wa Sauda a tabarma. Sauda ba ta godiya, don ba a godiyar kala.

Wata shekara, bayan ta tsufa tukuf har ba ta iya miƙewa sai ta dafa gwiwa, Badaru ya same ta a gindin ɗorawa tana wasa bakin fartanyar da dutse. Shi ma furfura ta cika masa kai. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki huta haka nan. Bari in sa a ɗora buhu a jaki a kai wa Sauda har gida, ko biyu kike so."

Ba ta ɗago ba. Ta gwada kaifin da babban yatsa, ta jawo ƙwaryarta.

"Har yanzu ba ka gane ba," in ji ta. "Kai dai janye ƙayarka, ka kau da kai."